Yadda za ka karanta labarin zoben Tolkien ka ga imanin da ke cikinsa

Karon farko da na karanta The Lord of the Rings, yaƙe-yaƙen kawai na bi. Sai da na soma karanta shi tare da matasan ikilisiyarmu bayan Mas na ranar Lahadi idona ya buɗe. Labarin dai na zoben iko ne da mugun sarki Sauron ya ƙera, wanda Frodo ya ɗauka don ya kai shi dutsen wuta ya jefa shi ciki ya hallaka. Ga hanyar da muke bi.

Fara da sanin mutumin. An haifi Tolkien a Afirka ta Kudu a 1892, ya tashi a Ingila. Mahaifiyarsa Mabel ta shiga ɗarikar Katolika a 1900, dangi suka janye mata tallafi, ta rasu a 1904 yana ɗan shekara 12. Fada Francis Morgan na Birmingham ne ya riƙe shi da ƙanensa. A 1953, kafin littafin ya fito, ya rubuta wa Fada Robert Murray cewa aikin tun daga tushe na addini ne, na Katolika. Amma ka duba daga bango zuwa bango, babu coci, babu fada, babu sunan Yesu. Saboda haka kada ka ɓata lokaci kana neman wane ne Yesu, wane ne Shaiɗan. Shi kansa ya faɗa cewa ba ya son irin labarin da ake sa kowa ya tsaya a madadin wani.

Ɗauki fensir, ka yi alama duk inda zoben ya zo kusa da hannun wani, ka rubuta dalilin da yake jan sa. Za ka tarar babu wanda ya ce mugunta yake so. Boromir birninsu yake son ya ceta. Gandalf ya ƙi karɓa don ya san ta ƙofar tausayi da son gyara zoben zai shige shi. Galadriel ma sai da ta yi kokawa da zuciyarta. Wannan koyarwar Waliyyi Agustin ce, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a 430: mugunta ba halitta ba ce mai cin gashin kanta, lalacewar abu mai kyau ce, kamar gara a jikin azara. Shi ya sa Elrond yake cewa ko Sauron ba mugu ba ne tun farko. Mahayan nan tara masu yi wa Sauron hidima sarakunan mutane ne da suka ƙare har ido ba ya ganinsu. Gollum kuwa, wanda ya daɗe yana riƙe da zoben, a zamanin baya Sméagol ne, mai dangi da gida.

Alama ta biyu ita ce ta fi damuna, a nan muke daɗewa. Bi sawun duk wanda ya samu damar kashe Gollum ya fasa. Bilbo, wanda ya riƙe zoben kafin Frodo, ya ƙyale shi a cikin kogo. Frodo, wanda a farko ya ce da ma an kashe shi, da ya gan shi ido da ido sai tausayi ya kama shi. Har Sam abokin tafiyar Frodo, da ba ya ko son ganinsa, ya ɗaga takobi a kan dutsen wuta ya kasa sara.

To, yanzu karanta babin dutsen wuta a hankali, da murya idan da hali. Frodo ya kai bakin ramin, ya ce ba zai jefa ba, zoben nasa ne. Ya gaza. Wata yarinya a cikinmu ta rufe littafin don haushi, ta ce, "Malam, ashe duk wahalar nan a banza?" Na ce ta ci gaba. Gollum ɗin da aka yi ta barin sa da rai shi ne ya ciji yatsan Frodo, ya faɗa wuta da zoben. Ƙarfin Frodo ya ƙare, jinƙan da ya nuna a baya ne ya dawo ya cece shi, ta hanyar da bai tsara ba. Mu alheri muke kiran wannan. Tolkien da kansa ya danganta wurin da Addu'ar Ubangiji, inda muke roƙon a gafarta mana kamar yadda muke gafartawa, kada a kai mu cikin jaraba. Mukan tsaya mu yi addu'ar kafin mu juya shafi, kuma ina ba ka shawarar haka.

Sauran ba sa bukatar dogon bayani. Gurasar lembas da take ƙara wa matafiyi ƙarfi idan ita kaɗai ya dogara da ita, duk mai karɓar Jibin Ubangiji zai gane ta. Boromir ya furta laifinsa na ƙoƙarin ƙwace zoben ga Aragorn kafin ransa ya fita.

Daga ƙarshe buɗe jadawalin kwanaki da ke bayan littafi na uku. Ayarin su Frodo ya bar Rivendell ranar 25 ga Disamba. Zoben ya hallaka ranar 25 ga Maris, ranar da muke bikin albishir ɗin da Mala'ika Jibra'ilu ya kawo wa Budurwa Maryamu, wadda kuma Kiristocin zamanin da suke ɗauka ita ce ranar da aka gicciye Almasihu. Rubuta kwanakin biyu a shafin farko na naka littafin, sannan ka koma babi na ɗaya.