Yadda ake tantance darajar tsohon kuɗin ƙarfe

Da yake Maraɗi na kusa da iyakar Najeriya, tsoffin kuɗin da ake samu a adakar kakanni iri-iri ne: liyari mai hoton Mariya Teresa, sarauniyar Ostiriya, dalar azurfa ta Faransa, tamma ta alminiyam mai kan barewa ta 1948, da kwabo da anini masu huda na Ingila. Masu tara irin waɗannan ba tsufa kaɗai suke saye ba. Abin da suke biya shi ne yawan zanen da ya saura bai goge ba.

Kafin komai a tabbatar ba jabu ba ne. A je wurin maƙerin fari a ɗora a sikelinsa: liyari giram 28 ne da ɗan ɗigo, dalar azurfa kuwa giram 25. Wanda ya sha hannu zai ɗan ragu kaɗan, amma in ya yi ƙasa da giram guda ko fiye, akwai magana. Azurfa ba ta bin mayen ƙarfe. Kada shekarar 1780 da ke jikin liyari ta ruɗe ka, don duk waɗanda aka ci gaba da bugawa bayan rasuwar sarauniyar wannan shekarar suke ɗauke da ita.

Sai dubawa. Shimfiɗa tsumma mai laushi, ka riƙe kuɗin ta gefe da yatsa biyu, domin gumin yatsa yana barin tabo. Haske ɗaya ake so daga gefe, kamar tocila a ɗaki, ba tsakar rana ba. Da ido tukuna, sannan gilashin ƙara girma mai ninki 5 zuwa 10. Ka riƙa karkata shi a hankali. Kuɗin da bai shiga hannu ba, sheƙinsa yana zagayawa kamar fankar sama. Inda sheƙin ya yanke ya koma dishi-dishi, nan gogewa ta fara.

Wuraren da suka fi tudu su ke fara cinyewa. A liyari, dubi silin gashin sarauniya, da ƴan duwatsun da ke kewaye da maɗaurin kafaɗarta: ana iya ƙirga su ɗaya-ɗaya, ko sun narke sun zama dunƙule? Juya baya ka dubi gashin gaggafa mai kai biyu, sannan rubutun da ke gefen bakin kuɗin. A tamma, ƙahon barewa da goshinta. A kwabo mai huda, layukan tauraro mai tsini shida da kambin sarauta.

Dillalan Faransa suna da matakai shida na auna gogewar kuɗi, kowanne da harufansa, daga mafi lalacewa zuwa mafi kyau. B: an san kuɗin, amma hoton ya zama inuwa. TB: rubutu duk yana karantuwa, ƙananan zane sun tafi. TTB: tudu kawai ya goge, sauran a fili. SUP: gogewar sai an nema, kuma da sauran sheƙi a lungun haruffa. SPL da FDC ba su taɓa yawo a kasuwa ba, kuma da wuya ƙwarai a same su a gidajenmu. Amurkawa na amfani da ma'aunin Sheldon, 1 zuwa 70, wanda 60 zuwa sama ke nufin bai shiga hannu ba. In fuska da baya suka saɓa, a bi wadda ta fi lalacewa.

Babbar asarar da ake yi ita ce wanki. Mutum ya ga baƙi-baƙi, sai ya sa toka ko lemun tsami ko ruwan tsamiya ya dirje. Kuɗin ya yi fari tas, amma a gilashi za ka ga siraran zane sun jeru gefe guda, sheƙin asali kuma ba ya dawowa har abada. Baƙin nan na azurfa ba aibi ba ne, masu saye ma sun fi son sa. Amma hudar da aka yi daga baya, ko alamar dalma inda aka liƙa marataya don sarƙa, aibi ne: komai kyan zanen, farashi ya koma kusan na nauyin azurfa.

Bayan dubawa, kowanne a sa shi cikin ƴar ambulan ta takarda shi kaɗai, a rubuta nauyi da mataki a kai. Leda mai laushi kan yi gumi a zafin bazara, ta bar kore mai danƙo da ke cin fuskar ƙarfen.