Yadda ɗan Damagaram zai koyi naushi da kamu a wasan MMA

Wanda ya taso a Damagaram ba baƙon kokowa ba ne. Ko bai taɓa shiga filin Langa-Langa ba, ya yi ta a rairayin ƙofar gida, ya san yadda ake zura hannu ƙarƙashin hammata a cicciɓi mutum. Wannan jari ne babba, da shi Oumar Kane, ɗan kokowar Senegal da ake ce wa Reug Reug, ya ci kambun masu nauyi na ONE Championship, wata gasar MMA (wasan da ya haɗa naushi da shuri da kokowa), a 2024. Sai dai kokowa ta saba maka da wani abu da zai cuce ka a MMA. A wajenmu da an kai mutum ƙasa wasa ya ƙare, makaɗa su ɗau kiɗa. A MMA kuwa lokacin ne aka fara. Dambenmu ma hannu ɗaya ake naɗewa da kara, ɗayan garkuwa ne, amma a nan duka biyun suna naushi, duka biyun suna tsaron fuska.

Fara da tsayuwa. In kai na-dama ne, ƙafar hagu gaba, ta dama baya, tazarar ta kai faɗin kafaɗunka, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe. Haɓa ƙasa, hannuwa kusa da kunci, gwiwar hannu manne da haƙarƙari. Kada ka duƙa kamar ɗan kokowa mai neman kamu, gwiwar abokin karawa za ta tarbi fuskarka. In za ka matsa gaba ƙafar gaba ce ke fara tafiya, in baya ta baya, kuma kada ka bari ƙafafu su harɗe. Yi mako biyu kana wannan kawai. Na san da gundura, nan ne ma yawancin samari ke gudu.

Sai naushi. Uku sun ishe ka a watannin farko: miƙaƙƙen naushin hannun gaba, miƙaƙƙen naushin hannun baya, da na gefe mai zuwa a lanƙwashe. Na gaba shi ne ma'aunin nisa, ka fitar da shi ka dawo da shi kunci ta hanyar da ya bi. Ƙarfin na baya daga ƙasa yake tasowa: dunduniyar baya ta juya, ƙugu ya bi, kafaɗa ta bi, hannu ne na ƙarshe. Shi ya sa za ka ga ƙaton da ya shekara yana ɗaga ƙarfe a unguwa, damtse kamar turmi, amma naushinsa bai kai na siririn yaron da ya iya juya ƙugu ba. Fitar da numfashi da kowane naushi. Naɗe hannu da bandeji kafin ka taɓa buhu, kuma kada ka cika buhun da yashi zalla, yana dunƙulewa ya zama dutse ya lalata maka wuyan hannu. Tsummokara da garin katako sun fi.

Kafin ka koyi kayar da wani, koyi faɗuwa. Haɓa a ƙirji don kada ƙeya ta bugi ƙasa, baya a lanƙwashe, kuma kada ka miƙa hannu ka tokare. A kan tabarmar judo ko rairayi mai laushi ake yin wannan, ban da siminti.

Daga nan sai kamu a tsaye, inda ɗan kokowa yake gida. Ka nemi hannunka ya shiga ƙarƙashin hammatarsa, kanka ya tokare muƙamuƙinsa, ƙugunka ƙasa da nasa. Sabon abu a wajenka shi ne kamun ƙafa biyu: ka rage tsawo da gwiwoyi, bayanka a miƙe, ka zura ƙafar gaba tsakanin ƙafafunsa, kafaɗa ta daki cikinsa, hannuwa su kama bayan gwiwoyinsa, ka tura shi gefe. Kanka a ɗage yake a jikin haƙarƙarinsa. In ka sunkuyar da shi, ka miƙa wuyanka ga shaƙa. Ba a kuma shiga haka siddan, sai ka jefa naushi biyu ya ɗaga hannu ya kare fuska tukuna. Maganin wannan kamu shi ne watsa ƙafafu baya da sauri, ka sauke ƙugunka a kan kafaɗunsa. Kamaru Usman, haifaffen Auchi a Najeriya, da kokowa irin ta Amurka ya danne Tyron Woodley zagaye biyar ya karɓe kambun UFC, babbar gasar MMA ta Amurka, a 2019.

Ƙasa ita ce makarantar da za ka shiga ba ka san ko alif ba. A gasar UFC ta farko a 1993, Royce Gracie ɗan Brazil, wanda bai kai kilo 85 ba, a ƙasa ya gama da waɗanda suka fi shi girma. In kana kwance, sa ƙafafunka tsakaninka da shi, ko ka zagaye ƙugunsa da su, ka janyo kansa ƙasa don kada ya samu filin naushi. Koyi ɗaga ƙugu sama ka kifar da wanda ya hau cikinka, koyi zame ƙugu gefe ka maido da gwiwa ciki, koyi tashi hannu ɗaya a ƙasa ɗaya yana tsare fuska. Ko kusa kada ka juya masa baya don gudun naushi, ta nan ake shaƙewa. Shaƙa da murɗe gwiwar hannu sai daga baya, a gaban malami.

Ga abin da ya fi yi wa ɗan Damagaram wuya: saranda. In an kama wuyanka ko gaɓarka, bubbuga jikinsa da tafin hannu sau biyu ko uku, shi kuma ya saki nan take. Shaƙar da ta toshe jijiyoyin wuya cikin daƙiƙoƙi kaɗan take sumar da mutum. A atisaye za ka bubbuga sau ɗari, ba wanda zai yi maka waƙar zambo.

Bayan wata uku ko huɗu ka fara gwada hannu da abokin atisaye, da rabin ƙarfi, da robar haƙori da manyan safar dambe. Ƙananan nan masu buɗaɗɗun yatsu, masu nauyin kusan giram 110, na ranar wasa ne. Zagayen ƙwararru minti 5 ne da hutun minti 1, kai fara da minti 2. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce digiri 40, yi atisaye bayan Asuba ko bayan Magariba, da ruwa a kusa. Yanke farce, yi wanka da sabulu da an tashi, mai makero ya dakata har ya warke. Wanda kuma ya sha naushi a ka ya ji jiri, ko amai, ko ganinsa ya rabu biyu, ya tsaya a ranar ya tafi likita, kada ya koma sai an ba shi izini.