Yadda ake lulluɓe mutum-mutumin siminti da fasassun tayil

In ka taɓa ganin hoton ƙadangaren nan na Park Güell a Basalona ta ƙasar Sifen, wurin shaƙatawar da mai zanen gine-gine Antoni Gaudí ya gina daga 1900 zuwa 1914, to fasassun tayil ne aka jera a jikinsa, su can suna ce wa salon trencadís. Dalilin fasa shi kuwa, tayil lafiyayye ba ya bin lanƙwasa, gutsure ne ke kwanciya a wuya da gadon baya.

Da farko kai wa mai walda zanenka ya haɗa maka ƙashin da rodi, ka naɗe shi da ragar waya irin ta kejin kaji, ka ɗaure tam. In ba ka son siffar mai rai yi benci ko katon tulu, aikin duk ɗaya ne.

Sai kwaɓi, siminti kwano 1 yashi kwano 3, ka shafa hawa biyu. Nan ne fa mutane ke yin gaggawa kuma wallahi abin na damuna, sai ka ga an yi yaɓe yau gobe an fara manna tayil, bayan wata biyu ya tsage tun daga ƙasa har sama kuɗin mutane sun tafi. Ka ba shi ruwa safe da yamma kwana 7 aƙalla, in lokacin hunturu ne ka rufa masa jiƙaƙƙen buhu don iskar nan tana shanye ruwan tun bai kama ba.

Tayil ɗin a cikin buhu za ka fasa da guduma, fuskar tana kallon ƙasa, ka sa tabarau da safar hannu. Ware kala-kala a kwanuka. Manyan gutsure su tafi inda ya miƙe, ƙanana kamar ƙumbar babban yatsa su tafi ido da yatsu da lungu. Shafa gam ɗin tayil ɗan wuri kaɗan, kamar faɗin tafin hannu biyu, ka danna kana barin 'yar tazara tsakani.

Bayan awa 24 cike tsagogin da farin siminti, in ya fara daskarewa goge da jiƙaƙƙen soso. Daga nan bi ko'ina da tafin hannunka a hankali, duk bakin da ya karce ka goge shi da dutsen wasa wuƙa, don yara za su hau su yi ta shafawa.