Kafa majigi a gidan kallon ƙwallo a Kano

Allo mai inci 120 faɗinsa kusan mita 2.7 ne, don haka yawancin majigai sai an ja su baya kamar mita 4 kafin hoto ya cika shi. A daidaita shi da tsakiyar allon, in ya karkace hoton ma karkacewa zai yi. Kada a jona shi da janareta kai tsaye, a bi ta sitabilaiza.

Babbar matsalar dai ƙurar hunturu ce. Tana toshe matatar iska, majigin ya yi zafi ya mutu ana tsakiyar wasa. A kakkaɓe matatar duk mako. In an kashe, a bar fanka ta tsaya da kanta kafin a zare waya, domin zafin da ya rage yana rage wa ƙwan kwana.