Kafin ka taya gida a Maraɗi

Sana'ata gini ce, shi ya sa 'yan'uwa da abokan arziki kan kira ni in duba musu gida kafin su buɗe baki. Tambayarsu ɗaya ce kullum: "Nawa zan taya?" Ni kuwa ba na faɗin kuɗi sai mun raba gidan biyu a lissafi, ƙasa daban, gini daban.

Ƙasa ce uwar kuɗin. Fili mai mita 300 a Ali Ɗan Sofo ko Zariya ba ɗaya yake da irinsa a bayan gari ba, ko da an zuba musu ɗakuna iri ɗaya. Ka bincika nawa aka sallama fili na ƙarshe a wannan layin. Kuɗin da aka ƙirga a hannu nake nufi, don wanda ake faɗa a majalisa kullum da ƙari a kansa. Mai unguwa ya sani, waɗanda suka yi shaida ma sun sani.

Sai maganar ruwa, wadda mu a garin nan ba ma wasa da ita. Ambaliyar Gulbi ce a 1945 ta sa aka tayar da gari daga fadama zuwa tudu, kuma daminar 2024 ta rushe gidaje da dama. In da hali ka je ganin gidan a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. In da rani ne, durƙusa ka dubi gindin bango. Danshi yana barin zane, shafe yana kumbura yana zuba. In ka ga an shafa sabon fenti daga gwiwa zuwa ƙasa kawai, tambayi maƙwabci inda ruwa ke tsayawa. Ƙwanƙwasa bangon kuma: akwai ginin laka da aka lulluɓe da siminti, ido ba ya ganewa amma kunne yana ji. Ba aibi ba ne, ni ma a ɗakin laka na girma, sai dai kada ka biya shi kuɗin bulo. Dubi kwano daga ciki da rana tsaka, leƙa shadda.

Ga misali. A ce fili a layin ya kai sefa miliyan 6. Ginin, da yau za a yi shi sabo, zai ci miliyan 8, amma ya tsufa, bai wuce 5 ba. Gyaran da ba makawa zai ci miliyan ɗaya da rabi. Haɗa 6 da 5, ka cire kuɗin gyara, ka ga gidan ya tsaya a tara da rabi. Cire la'adar dillali da kuɗin sauya suna a takarda, ka sa iyakarka a miliyan 9. Wannan adadin ka riƙe shi a cikinka, ko dillalinka kada ya ji, domin duk yadda kuke shiri, abincinsa yana ƙaruwa ne in kuɗi ya hau. La'adar ma a yanke ta tun kafin a zauna.

Tayin farko, ni nakan ce a fara daga bakwai da rabi. Masu cewa a taya rabin kuɗi suna ɗaukar gida kamar rago a kasuwa. Dattijon da ya haifi 'ya'yansa a gidan nan, in ka yi masa tayin wulakanci, zai ce "albarka" ya naɗe tabarmarsa, gobe ya sallama wa wani a ƙasa da abin da kai za ka iya biya. Ka gaisa da kyau, ka ce, "Baba, ga abin da ƙarfina ya kai, ga kuma gyaran da na gani." Ƙarin da za ka yi ya riƙa raguwa: jika 500 (rabin miliyan ke nan), sai 250, sai 100. Mai gida zai gane ka kusa bango. In kuwa wani ya riga ka har sun daidaita, janye, addini ya hana ciniki a kan cinikin ɗan'uwa.

Takarda tana iya rushe duk lissafin nan. Gidan da ke da cikakkiyar takardar mallaka ta hukumar filaye ya cancanci ka matsa har iyakarka. Mai takardar rabon fili ta magajin gari, kai ta ofishin da kanka a duba lamba da suna cikin rajista. Wanda ba shi da komai sai "kowa ya san namu ne", ni ba na ba kowa shawarar ya taya.

Gidan gado ya fi kowanne sauƙin kuɗi, saboda magada na son a raba, kuma shi ya fi kai mutane gaban alƙali. Babban wa shi kaɗai ba ya sayarwa. Ƙanwar da ke aure a Tasawa da wanda ke fatauci a Kano, kowa sai ya sa hannu ko ya aiko wakili da shaida. Ranar biya kuma ka nemi takardar wutar lantarki ta NIGELEC da ta ruwa ta watan ƙarshe, in akwai bashi a cire shi daga kuɗin nan take, a rubuta a gaban shaidu.