Ga ƙannenmu masu shirin tafiya Jamus: ba a barin gidan haya da baki

A nan Kano, ko a Ɗorayi kake ko Rijiyar Zaki, dillali ne zai kai ka ka ga gida, ka biya kuɗin shekara da la'ada. Shekara na ƙarewa, ko ka sabunta ko ka kwashe kayanka ka yi wa mai gida sallama. Duk wanda ya tafi Jamus da wannan sabon, asara yake jawo wa kansa.

Galibin hayar can ba ta da ranar ƙarewa, wata-wata ake biya, don haka babu zancen sabuntawa. In ka so tashi, doka ta ce ka ba da sanarwar wata 3, a rubuce, da sa hannunka na biro. Saƙon WhatsApp ko imel ba ya cikin lissafi, ko da mai gidan ya amsa da fara'a. Kuma sai wasiƙar ta isa hannunsa kafin ranar aiki ta uku ta wata ta wuce. Idan ta isa 2 ga Maris, ka fita ƙarshen Mayu. Ta wuce ranar aiki ta uku, kuɗin Yuni ya hau kanka. Aika ta ta gidan waya da rajista, ka adana rasit. In ku biyu kuka sa hannu a yarjejeniya, kai da uwargida ko abokin zama, to ku biyun za ku sa hannu a wasiƙar tashi.

Za ka ji 'yan'uwa suna cewa ai da ka kawo mutum uku masu son gidan, shi ke nan ka kuɓuta. Don Allah kada ka dogara da wannan. Mai gida ba dole ya karɓe su ba, sai in yarjejeniyarku ta ba ka wannan damar ko shi ya yarda, kuma yardar a takarda. Abin da ya fi damuna shi ne sharaɗin da wasu ke sakawa cewa ba za ka tashi ba sai bayan shekara ɗaya ko biyu. Kotunan can sun amince da irinsa har shekara 4. Nemi mai jin Jamusanci ya karanta maka kafin ka sa hannu, ko ka shiga ƙungiyar masu haya ta garinku.

Kuɗin ajiya kuwa, wato wanda za ka ba mai gida jingina lokacin shiga, bai wuce hayar wata 3 ba, ban da na ɗumama ɗaki da ruwa, kuma kana da damar biyansa kashi uku. Kada ka ƙi biyan watannin ƙarshe ka ce a cire a ciki, doka ba ta yarda ba. Ranar miƙa makulli ku zaga gidan tare, a rubuta halin kowane ɗaki da lambar mita, ka ɗauki hoton bango da bandaki. Dawowar kuɗin kan ɗauki watanni, saboda haka kada ka sa rai da su za ka kama sabon gida.