Darasi Kan Maganin Zuciya da Kumburin Dasashi

Wasu daga cikin waɗanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ko na ciwon zuciya sukan lura, bayan wata ɗaya zuwa uku, cewa dasashinsu ya fara tasowa yana hawa kan haƙora, amma ba kasafai suke danganta abin da ƙwayar da suke haɗiya kullum ba. Magungunan da aka fi sani da wannan su ne nifedipine da amlodipine da felodipine da diltiazem da verapamil, waɗanda aikinsu shi ne sassauta jijiyoyin jini domin jini ya gudana ba tare da zuciya ta sha wahala ba. Tun a shekarar 1984 likitoci suka fara ba da rahoton wannan matsala a kan nifedipine, kuma shi ne ya fi sauran jawo ta. Duk da haka, mafi yawan masu shan waɗannan magunguna ba sa ganin wani canji a bakinsu.

Kumburin yakan fara ne daga ɗan naman da ke tsakanin haƙori da haƙori, musamman a haƙoran gaba. Da fari naman yakan yi tauri ba tare da zafi ba, shi ya sa mutane da dama ba sa kula da shi. Sannu a hankali sai ya yi kauri ya lulluɓe wani ɓangare na haƙorin, ya bar ɗan lungu inda ragowar abinci ke maƙalewa, wurin da buroshi ba ya kaiwa. A nan ƙwayoyin cuta suke taruwa, dasashin ya yi ja, ya riƙa zubar da jini in an taɓa shi, baki kuma ya soma wari. Maganin yana hana jiki narkar da tsohon naman dasashi yadda ya saba, dauɗar da ta manne a gindin haƙori kuwa ita ke ƙara rura wutar, saboda haka wanda bakinsa ke da tsabta ya fi samun sauƙi.

Magungunan tsinka jini, irin su warfarin da asfirin da clopidogrel, ba sa ƙara wa dasashi girma, sai dai suna sa wanda ya riga ya kumbura ya yi saurin zubar da jini, jinin kuma ya daɗe bai tsaya ba. Masu sa yawan fitsari, kamar furosemide, suna iya busar da baki, alhali miyau shi ne ke wanke haƙora tsakanin cin abinci da cin abinci.

Babban kuskure a nan shi ne mutum ya daina shan maganinsa da kansa, domin hawan jinin da aka saki yana iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, waɗanda suka fi kumburin dasashi haɗari nesa ba kusa ba. Abin yi shi ne a nuna wa likitan da ya rubuta maganin, shi zai duba ko zai yiwu a sauya shi da wani na daban, kamar lisinopril ko losartan. Sau da yawa dasashin yakan sauka cikin makonni ko watanni bayan sauyin, wanda ya ƙi sauka kuma likitan haƙori yana iya rage shi da ƙaramar tiyata.

Ganin jini a buroshi yakan sa wasu su daina goge wurin, wannan kuwa ƙara ɓata shi yake yi. A goge haƙora sau biyu a rana, na tsawon minti biyu, da buroshi mai taushi, a karkata gashinsa zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi. Dauɗar da ta riga ta sandare sai likitan haƙori ne zai iya kankare ta.

Aikin wannan darasi: ku ɗauko kwalayen magungunan da kuke sha, ku kwafe sunan kowanne a takarda harafi bayan harafi, ku ajiye ta domin nuna wa likitan haƙori kafin ya wanke muku baki ko ya cire haƙori.